Ranar da kyamarar zafi ta kusa ja mini asarar kifin Lagdo

Ina da ɗan ɗakin sanyi a Garwa ta Kamaru inda nake ajiye kifin da ake kawo mini daga tafkin Lagdo: karfasa, tarwaɗa, da giwan ruwa idan an dace. Wanda ya san Garwa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san kifi ba ya jiran kowa. Shi ya sa da ƙanena ya kawo mini kyamarar zafi daga Duwala, irin wadda ake maƙala wa waya, na karɓa hannu bibbiyu. Kana saita ta sai ta nuna maka wuri mai sanyi shuɗi, mai zafi ja, ga lamba a tsakiya.

Wata asuba, bayan wuta ta ɗauke da dare, na shiga na saita ta a kan tiren ƙarfe mai sheƙi da muke jera karfasa. Sai na ga 19. Gabana ya faɗi, don kifi ɗanye bai kamata ya wuce digiri 4 ba. Har na fara lissafin kiran masu banda su kwashe a kan ko nawa ne. Dattijon da ke yi mana gyaran kifi tun zamanin mahaifina ya ɗora bayan hannunsa a kan tiren, ya ɗaga marfin kunnen wani kifi ya ga ja jawur, ya ce, “Alhaji, wannan kifin lafiyarsa ƙalau. Abin naka dai ka bincika.”

Na ce, “Baba, na'ura ce fa.” Ya yi murmushi ya koma kan wuƙarsa.

Ashe ni kaina kyamarar ke gani. Ƙarfe mai sheƙi tamkar madubi yake a wurinta, zafin jikina ne ya daki tiren ya dawo. Da na matsa gefe, jan tabon ya bi ni. Na manna baƙin salatif na masu gyaran wuta a jikin tiren, na jira ya ɗauki sanyi, na saita a kansa: digiri 3. Saitin kyamarar na 0.95, wato lambar da ke gaya mata yadda abu ke fitar da zafin kansa, ya dace da salatif, da ruwa, da fatar kifi, amma ban da ƙarfe mai walƙiya. Gilashin firji kuwa ba ta ganin abin da ke bayansa sam.

Daga nan na ce sai na gwada ta kanta. Na daka ƙanƙara na cika kofi, na zuba ruwa kaɗan, na juya, na bar shi minti uku. Ruwan irin wannan sifili yake, ko a Garwa ko a Makka. Ma'aunin zafi mai tsinke ya ba ni 0, kyamara ta ba ni 1.5. Takardarta ta ce tana iya kuskuren digiri 2 sama ko ƙasa, saboda haka ba ta yi laifi ba. Amma ga mai kifi, digiri 2 ba abin wasa ba ne. Gwajin tafasasshen ruwa bai yi mini daɗi ba, tururi ya riƙa rikita lambar. Wani abokina a Ngaundere ma ya zaci tasa ta lalace da ya ga ruwa na tafasa a wajen 96, alhali tudun garinsu ne ya jawo.

Abin da ya fi tsorata ni ya zo daga baya. An sauke wani ƙaton giwan ruwa lulluɓe da ƙanƙara, kyamara ta nuna 2, shuɗi shar, har na ji daɗi. Na soka tsinken a tsokar bayansa, sai ga 11. Ya sha rana a kwalekwale, sai a hanya aka zuba masa ƙanƙarar. Kyamara fata kawai take gani.

Ban jefar da ita ba. Ita ce ta nuna mini robar ƙofar ɗakin ta saki a ƙasa, da kusurwar da fanka ba ta kaiwa, wadda na daina ajiye kifi a cikinta. Yanzu idan na shigo da ita daga rana, sai ta huta kamar kwatan awa kafin in yarda da lambarta. Kowace Litinin yarona yana daka ƙanƙara, mu gwada, in rubuta bambancin a littafin awo. Tsinken kuma yana aljihun gaban rigata, tare da audugar goge shi.