Shafukan da Na Yage

Makon jiya a nan Ngawundare, ƙasar Kamaru, na tarar da wani ɗalibina yana goge wasu alƙaluma daga kwamfutarsa. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Malam, waɗannan ranakun suna ɓata mini sakamako." Na rasa bakin yi masa faɗa, domin abin da na aikata ke nan ina matashi.

A lokacin ina gwajin tarkon ƙudan tsando, mai sa wa shanu cutar sammore a tudun Adamawa. Tarkon na ƙyalle ne, shuɗi da baƙi, kuma burina in nuna cewa warin fitsarin shanu yana ƙara jawo ƙudan. Sai na kafa masu fitsarin a bakin rafi cikin kurmi, marasa shi kuwa a fili, alhali kowane makiyayi ya san tsando inuwa yake bi. Da na sauya musu wuri bambancin ya ragu, ni kuwa na yage shafukan da na rubuta wannan sakamakon, aka buga takardata, aka ƙara mini girma. Ban ce na kyauta ba, amma kuɗin man babur daga aljihuna yake fita, damina tana ƙarewa, ga iyali a wuya. Binciken wasu ma ya tabbatar da cewa fitsarin yana aiki, ke nan ba ƙarya na shara ba. To, amma me ya sa har yau ba na ba ɗalibaina takardar su karanta?

Karl von Frisch, farfesan ilimin dabbobi a Jamus, ya yi wa rawar ƙudan zuma, wadda suke yi don nuna wa juna inda abinci yake, gurguwar fassara a 1923. Bayan shekara ashirin da 'yan kai ya sake gwajin, ya gyara da kansa, kuma ya samu kyautar Nobel a 1973. Ni ban koma bakin rafin ba.

Ɗalibai, na so in jero muku shawarwari da yawa, amma ku da ba ku iya karanta shafi biyu ba ku duba waya ba, wa zai ɓata bakinsa? Kada ku goge komai, ko ranar da tarko ya kwana babu ƙuda ko ɗaya. Kada ku yi gaggawar bugawa. Kada kuma ku zauna jiran gwajin da ba shi da aibi, domin na ga waɗanda suka tsufa a kan muƙami ɗaya saboda haka. Kafin ku kafa tarko, ku tambayi Bafulatanin da ke kiwo a wurin.