Ashe ba saun kad ba ne

Har yau in na ɗaga kai na hango kwalin nan a saman kanta, sai raina ya ɓaci. Sabon saun kad ne a ciki, wato na'urar da ke shigar da sautin makirifo cikin kwamfuta, na saye shi da kuɗin da na ware na hayar shago, alhali lafiyar tsohon ƙalau.

Ɗan ƙaramin sutudiyo gare ni a Unguwar Rogo da ke Jos, waƙoƙin biki da tallace-tallace nake ɗauka. Cikin Disamba, daidai lokacin da bukukuwa suka kankama, wani ƙas-ƙas ya fara shigar min aiki, kamar ana taka busasshen ganye. Ina haɗa kiɗa ba na jin sa, sai mai waƙa ya tsaya gaban makirifo. Wata baiwar Allah sau shida tana maimaita baiti ɗaya na waƙar amarya, daga ƙarshe ta cire hedifon ta ce, "Malam, in na'urar ce ba lafiya ka faɗa min, jibi ne kamu." Kunyar da na ji ranar, Allah kaɗai ya sani.

Na canza waya, na aro makirifo, duk a banza. Zafi kuwa ban ma kawo shi a raina ba, a sanyin Jos na hunturu wace kwamfuta ce za ta yi zafi? Tunda sai an zo ɗaukar murya abin ke tasowa, na yanke cewa saun kad ne. Ban buɗe saitin komai ba, ban tambayi kowa ba. Na sauka kasuwar Taminus na sayo sabo, a daren na jona shi, ƙas-ƙas ɗin ya dawo yadda yake.

Sai a lokacin na kira maigidana, wanda ya koya min aikin. Tambaya ɗaya ya yi min: "Kai, in za ka ɗauki murya, laftof ɗin na jikin caji?" Na yi shiru. In babu wuta janareta nake tayarwa, in za a ɗauki murya kuma sai in kashe shi don kada ƙararsa ta shiga makirifo. Wato duk muryar da na ɗauka a makonnin nan, a kan batiri na ɗauke ta. Saun kad ɗin daga USB yake shan wuta, shi ya sa ban taɓa lura wani abu ya canza ba.

Windows kuwa da ta ji an zare caja sai ta shiga tattalin batiri, ta rage wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, gudu. Ni kuma bafa ɗina, wato guntun sautin da kwamfuta ke sarrafawa a lokaci guda, samfuri 128 yake ɗauka, sautin kuma samfuri 48,000 ne a kowace daƙiƙa, ka ga ƙasa da milisakan 3 ke nan kwamfuta take da shi ta cika kowane bafa. Ta makara ko yaya, sai a samu giɓi, giɓin nan shi ne ƙas ɗin da kunne ke ji.

Maigida ya sa na sauke LatencyMon, manhajar da ke auna ko kwamfuta na makara wajen sarrafa sauti, na bar shi yana aiki minti goma da caja, minti goma babu. Da caja rubutun kore ne. Ina zarewa, ba a jima ba ya koma ja. LatencyMon ɗin ya kuma tona min wani ɓarawon: ndis.sys, na ɓangaren sadarwa, yana riƙe furosesa fiye da kima, saboda kullum laftof ɗin na jone da intanet ɗin wayata ta Wi-Fi.

Gyaran bai kai rabin awa ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. A saitin wutar kwamfuta na koma tsarin cikakken ƙarfi. Mafi ƙarancin gudun furosesa yana kan kashi 5, na mai da shi 100, a layin batiri da na caja duka, don layi biyu ne, kuma na batirin shi ake mantawa. Na hana Windows dakatar da kafofin USB don tattalin wuta. Wi-Fi yanzu a kashe yake in ana ɗauka. Na kuma tarar Windows na kan 44,100 manhajar ɗaukar sautina na kan 48,000, na daidaita su. In zan tace aiki ina ɗaga bafa zuwa 512, tunda a nan jinkirin da babban bafa ke kawowa ba ya damun kowa.

Batirin yanzu ba ya daɗewa kamar da, sai in cika shi taf kafin mai waƙa ya iso. Wannan na yarda da shi. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne tambayar maigida ba ta ci ko naira ɗari ta kati ba, ni kuma sai da na kashe kuɗin haya sannan na yi ta.

Waƙar amaryar da tsohon saun kad na ƙarasa ta, ana gobe kamu. Sabon na sa shi a kasuwa tun Janairu, duk wanda ya zo sai ya taya ƙasa da abin da na biya, mai shago kuma ya sake aiko yaronsa jiya.