Kujerar Gaba ta Hannun Dama

'Yata Auta tana da shekara huɗu sanƙarau ya kama ta, a tsakiyar zafin bazara. Allah ya tashi kafaɗunta, amma ciwon bai tafi haka nan ba: ya kashe kunnenta na dama, ya bar na hagu rabi da rabi. Ba mu gane da wuri ba, don yarinyar akwai wayo, bakin mutum take kallo ta cafke magana. Sai da ta shiga aji biyu na firamare ta fara dawowa da shatin bulala a tafin hannu. An kira suna ba ta amsa ba. An yi shifta ta ci sifili. Malamin ajin ya rubuta mata a littafi da jan biro cewa ba ta mai da hankali.

Na kai ta sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Malam Aminu Kano. Suka sa mata abin saurare a wani ɗaki tsit, in ta ji ƙara ta ɗaga hannu. Na fito da takarda mai zanen layi biyu, na dama ya nutse can ƙasa. Da ƙyar muka haɗa kuɗin na'urar ji guda ɗaya.

Ƙanena yana karanta ilimin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Bayero. Shi ya gaya mini akwai dokar hana nuna wa nakasassu bambanci ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Dokar ta ce karatunsu kyauta ne har sakandare, kuma kowace makarantar gwamnati ta zama mai karɓar kowa, da aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da irinsu. Ina jin haka na ji kamar an miƙa mini takobi.

Ranar taron iyayen yara da malamai na miƙe a gaban mutane sun fi ɗari, na karanto dokar, na ɗaga hannun Auta kowa ya ga shatin. Hedimasta ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, “Hajiya, mun ji dokar Abuja. Ajin 'yarki yara tamanin da bakwai ne, malami ɗaya, alli ma wani lokaci daga aljihunmu. Ki kai ta Tudun Maliki mana.” Aka wuce zuwa zancen rufin aji da iska ta yaye.

Makarantar Tudun Maliki ta kurame da makafi tana aikinta, na san iyayen da suke gode mata. Amma Auta tana magana, tana ji da kunne ɗaya, ga shi daga unguwarmu sai an hau adaidaita sau biyu. Abin da ya fi cin raina daga baya shi ne ni na ɓata rawata da tsalle. Na kunyata mutum a gaban jama'arsa, na kuma tona yarinyata a bainar nasi. Mako guda yara suna binta da “kurma, kurma”. Ga shi ban nemi komai takamaimai ba. Cewa na yi a ba ta haƙƙinta, shi kuwa haƙƙi ba abu ne da hedimasta zai buɗe kabad ya miƙo ba.

Wata dattijuwa mai wakiltar mata a kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC, ita ta biyo ni gida. Ta ce, “'Yar nan, ba a kama kaza da gudu a tsakar kasuwa. Ki nemi zama na mutum biyar.”

Aka yi zaman a ofis: hedimasta, malamin aji, dattijuwar, ni da Baban Auta. Na fara da ba da haƙuri. Na ajiye kwafin takardar asibiti, na roƙi malamin ya toshe kunnensa na dama da yatsa, ya danna na hagu kaɗan, Baban Auta ya juya masa baya ya karanto kalmomi biyar. Biyu ya kama. Ya yi shiru, ya ce, “Innalillahi. Da na sani.” Tun daga nan ya koma ɓangarenmu, kuma shi ya fi kowa amfani, don shi ke tare da ita kullum.

Abu uku na nema, babu mai cin kwabo. A zaunar da ita layin gaba ta hannun dama, kunnen hagu ya fuskanci malami, nesa da tagar da ke kallon injin markaɗe. Malam ya daina bayani yana fuskantar allo, tunda bakinsa take karantawa. Aikin gida kuma a rubuta shi a allo. Hedimasta ya ce in sha Allahu. Na ce, “Ranka ya daɗe, a taimaka a rubuta a littafin taro, a sa rana.” Ya ɗan harare ni, amma ya rubuta, aka sa bayan mako huɗu. “In sha Allahu” da ba ta da rana, na sha ganin yadda take bin iska.

Ban samu malamin da dokar ta ambata ba, har yau babu shi a makarantar. Shifta kuwa Auta ta tashi daga sifili zuwa shida, wani lokaci bakwai, sai ranar da batirin na'urar ya mutu. Yanzu ina cusa guda a aljihun jakarta.

Da aka dawo daga hutu ta shiga aji uku, ranar farko ta dawo ta ce sabuwar malama ta jera su bisa tsawo, ita tana layi na shida. Washegari na ɗauki kwafin takardar asibiti da hoton shafin littafin taro da ke wayata, na sa mayafi, na riga mai kaɗa ƙararrawa isa bakin ƙofa.