Kafin ka cire tsohon katin hoton nan, kawo shi mu gani

Sana'ata haɗa kwamfutocin wasa da gyaransu, kuma tambayar da ta fi yawan zuwa teburina ita ce: "Oga, katin hotona ya tsufa, wanne zan saya?" Katin hoto shi ne sashen kwamfuta da ke zana hotunan da ake gani a allo. Mai tambayar yakan zo da sunan katin da yake so a bakinsa. Ya gama kallon bidiyoyi, ya gama yanke hukunci, jira kawai yake in ce to. Ni kuwa ba na cewa to sai na kunna na'urar na ga halin da take ciki da idona. Wasu har haushi suke ji. Akwai wanda ya taɓa ce min bai taɓa ganin mai sana'ar da aka zo masa da kuɗi a hannu yana jan ƙafa ba sai ni.

Idan wasa ya fara cijewa, katin hoto ake fara ɗora wa laifi, domin shi ne babba a cikin gidan kwamfuta, shi ne mai fankoki da fitilu, shi ne kowa ya san sunansa. Amma da yawa cikin na'urorin da ake kawo min, katin lafiyarsa ƙalau, wani abu ne daban ya riƙe masa ƙafa.

A shekarar 2023 wani matashi ya shigo da tasa a rungume. Katinsa GTX 1060 ne mai giga 6, wanda Nvidia ta fitar a 2016, furosesarsa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, kuma Ryzen 5 3600. Ya ce wasa yakan fara sumul, bayan minti goma sai ya koma tafiyar hawainiya. Da jin haka na san inda zan duba. Katin da ƙarfinsa ya gaza, tun daga farawa yake gazawa, ba ya jira sai an yi minti goma. Na ɗora MSI Afterburner, manhajar da ke nuna zafin kati da gudunsa, na sa lambobin suka fito a kusurwar allo, muka zauna muna kallo tare. Zafin katin ya yi ta hawa har ya kai digiri 83, a nan ya tsaya, gudun katin kuma ya fara sauka. Haka aka ƙera irin waɗannan katunan: idan suka kai wannan matakin, sukan rage wa kansu gudu don kada su ƙone.

Na kwance katin a gabansa. Ƙura ta toshe tsakanin siraran ƙarafunan da iska ke bi, ta dunƙule kamar auduga. Man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar katin da ƙarfen da ke kwashe zafi ya bushe ya tsattsage kamar busasshiyar laka, da farce ma sai ka ɓamɓare shi. Wannan aikin shi na fi so a duk sana'ar, kuma ba na barin yara su yi shi sai sun shekara a hannuna. Sai ka goge tsohon man da sifirit a hankali har fuskar ƙwaƙwalwar ta yi ƙyalli kamar madubi, ba tare da ka taɓa 'yan ƙananan ƙwayoyin da ke kewaye da ita ba, don guda ɗaya ya ɓalle an gama. 'Yan katifun roba masu laushi da ke kan memorin katin, kowanne da kaurinsa. Ka sa wanda ya fi kauri da rabin milimita, zai ɗage ƙarfen daga kan ƙwaƙwalwar, ka mayar da katin ya fi dā zafi alhali kana ganin gyara ka yi. Kusoshin nan huɗu na baya kuma a gicciye ake ɗaure su, kaɗan-kaɗan, ɗaya bayan ɗaya, don man ya bazu daidai. Fanka ma ana riƙe ta da yatsa lokacin hura iska, kada ta yi ta juyawa a banza har ta lalace.

Da muka mayar, zafin bai ƙara kusantar inda yake dā ba, gudun katin ya tsaya cak. Na kuma lura RAM ɗinsa, wato memorin kwamfutar, sanda ɗaya ce mai giga 8. Muka ƙara mata 'yar'uwa iri ɗaya a ramin da ya dace, domin sanda biyu hanya biyu suke buɗe wa furosesa, kuma Ryzen yana jin daɗin hakan sosai. Wasan ya koma tafiya lafiya lau. Sai ga shi wajen biya yana cewa, "Haba Oga, ai ba wani abu ka sa ba, goge-goge ne kawai." Mutumin da ya zo da niyyar sayen sabon kati sukutum, na hana shi ɓarnar, shi ne yake neman ragi a ladan hannu. Wannan halin na masu kawo gyara har yau ban saba da shi ba. Abin da ke cikin kwali suna biya ba musu, abin da ke cikin kan mutum kuwa gani suke kyauta ne.

Karanta lambobin nan na kusurwar allo, a wurin maigidana na koya, kuma ba da sauƙi ba. Mutum ne da ba ya ba ka amsa. Sai ya kunna wasa ya ce, "Faɗa min wa ya gaji." Idan katin yana aiki 97 ko 99 cikin ɗari amma hotunan da yake fitarwa a sakan ɗaya sun yi kaɗan, to katin ne ya kai iyakarsa. Idan kuwa yana lilo a 50 ko 60 alhali furosesa ta cika maƙil, katin zaman jira yake yi. Na sha ganin wannan a na'urori masu i5-4460, furosesar 2014 mai cibiya huɗu. Ka ɗora mata katin zamani mafi ƙarfi, wasannin yanzu za su ci gaba da sarƙewa a inda suke sarƙewa, musamman wuraren da mutane da motoci suka yi yawa. Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi a ɗakinsa: ka rage ingancin hoton wasan zuwa mafi ƙasa. Idan ya saki jiki ya yi gudu, katin ne matsalar. Idan babu abin da ya canja, ka nemi mai laifi a wani wuri.

Allon ma ana mantawa da shi. Allo mai 60Hz hoto sittin yake nunawa a sakan, ko katin ya zana ɗari biyu. Allon 1080p yana da ɗigo kusan miliyan 2, na 1440p kusan miliyan 3.7, na 4K kuwa ya haura miliyan 8, ninki huɗu na 1080p ke nan. Wanda zai zauna a kan tsohon allonsa, da wanda ke shirin sayen babba, ba kati ɗaya ya dace da su ba.

Darasin da ya fi zama min a rai kuwa na akwatin wuta ne, wanda ke raba wa sassan kwamfuta lantarki. Ina sabon shiga, maigidana ya fita ya bar ni da wata na'ura da za a sa wa kati. Akwatin wutarta irin marar nauyin nan ne, ka ɗaga shi kamar gwangwanin da babu komai ciki, amma an rubuta masa lamba mai girma a jiki. Ba shi da wayar da katin ke buƙata, sai na nemo 'yar mahaɗa na jona da wayoyin da ake ba faifai wuta. Ya kunna, na ji daɗi, har ina ganin na ƙware. Wasa na fara nauyi sai na ji ƙara ɗas, allo ya yi baƙi, wari ya cika ɗakin. Wannan warin na ƙonanniyar roba ko a mafarki na ji shi sai na farka. Da maigidana ya dawo bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Takarda ya miƙo min ya sa na rubuta: ramin madabod (farantin da ake jona komai a kai) wat 75 yake bayarwa, waya mai baki shida wat 75, mai baki takwas wat 150. Ya ce daga yau duk katin da zan taɓa, sai na fara lissafa abin da yake ci da abin da akwatin zai iya bayarwa da gaske. GTX 1060 wat 120 yake ci, RX 580 wat 185, GTX 1080 Ti wat 250. Har yau kafin in buɗe kwalin kati, gefen akwatin wuta nake fara leƙawa.

Da tsohuwar zuma ake magani, amma kada a ce na ce tsohon kati ba ya ƙarewa. Yana ƙarewa, kuma idan lokacinsa ya yi ba na ɓoye wa kowa. Alama ta farko memori. Kati mai giga 3 ko 4, wasannin yanzu sun fi ƙarfin cikinsa. Za ka ga bango da fuskoki sun yi dishi-dishi, sai bayan ɗan lokaci su washe, ko wasan ya daskare duk sanda ka juya. Wannan babu man da zai gyara shi. Ta biyu ta fi zafi, domin ba batun ƙarfi ba ne ma. Tun 2018 da katunan RTX suka fito da sashe na musamman mai lissafin yadda haske ke tafiya, an daɗe ana ɗaukar abin a matsayin ado, wanda ya so ya kunna. Yanzu ya zama sharaɗi a wasu wasannin. Indiana Jones and the Great Circle na Disamban 2024 da Doom: The Dark Ages na Mayun 2025 duk suna buƙatarsa. GTX 1080 Ti, da giga 11 ɗinsa da duk sunan da ya yi tun 2017, ba shi da wannan sashen. DLSS ma, dabarar da ke zana hoto ƙarami ta faɗaɗa shi ya yi kyau, sai katin RTX. Masu tsofaffin katuna FSR, irin wannan dabarar ta kamfanin AMD, ce ta cece su tun 2021, kuma ina kunna wa mutane ita sosai kafin mu kai ga batun saye. Sannan Nvidia ta rufe fitar da direbobi, wato manhajar da ke tafiyar da kati, na sababbin wasanni ga jerin GTX 900 da GTX 10 a Oktoban 2025, saura gyaran tsaro kawai. Wanda wasanninsa na dā ne, ko ƙwallo da tsere yake bugawa, wannan bai dame shi ba. Mai bin kowane sabon wasa kuwa, hanya ta fara ƙure masa.

Idan an tabbatar saye za a yi, nan ma akwai ramuka. Sabo a suna ba lallai ya fi maka ba. RX 6500 XT na 2022 layi huɗu kawai yake amfani da su a ramin madabod, ga giga 4, don haka a tsohuwar madabod mai ramin PCIe 3.0, wanda bai kai na yanzu gudu ba, yakan shaƙe. Katunan Intel Arc suna son madabod mai Resizable BAR, saitin da ke ba furosesa damar isa ga duk memorin kati kai tsaye, in babu shi ƙarfinsu ya ragu sosai. RTX 3060 na 2021 giga 12 gare shi, RTX 4060 da ya biyo bayansa a 2023 giga 8, amma ya fi shi gudu kuma wat 115 kawai yake ci a maimakon 170. Wanne ya fi? Sai na san wasanka da allonka da akwatin wutarka. A auna tsawon gidan kwamfutar ma da tef, don na taɓa ganin wanda ya yanke ƙarfen gidan da almakashi saboda katin ya ƙi shiga.

Abin da ya fi ƙona min rai a harkar nan shi ne 'yan jabu. Su ɗauki GTS 450 na 2010, su sauya masa manhajar ciki ta yadda kwamfuta za ta karanta shi a matsayin GTX 1050 Ti mai giga 4, su sa masa sabuwar riga mai walƙiya. Zai kunna, zai nuna suna, wasa na neman memorin da babu shi sai ya faɗi. Ni da na ga shuɗin bakin VGA, na jona allo, a bayan katin da aka ce jerin 10 ne nake fara zargi, domin daga wannan jerin aka daina ba da wannan tsohuwar hanyar kai tsaye. Manhajar GPU-Z ma takan tona musu asiri. Bayan 15 ga Satumban 2022, da Ethereum, ɗaya daga kuɗaɗen intanet, ta daina amfani da katunan hoto wajen haƙo kuɗin, katunan da suka shekara biyu ko uku suna aiki dare da rana suka cika kasuwa. Ba duka ne marasa kyau ba, na sami masu lafiya da yawa a ciki. Amma wani dillali ya taɓa aiko min da kwali guda yana rantsuwa daga gidajen 'yan wasa aka tattaro su. Na buɗe na farko, katifun memori sun yi mai sun jiƙe, ƙarfen baya ya canja launi, fanka tana gurnani. Na kira shi, wayarsa ta daina shiga. Tun daga ranar na bar cinikin biri a sama. Duk katin hannu da zai fita daga wurina sai ya kwana a kan teburin gwaji: manhajar gwaji ta FurMark ta gasa shi, a gwada memorinsa daban, a jona kowane baki na bayansa da allo, sannan a buga wasa na gaske a kansa na awanni. Masu cewa sun ga irinsa da araha a intanet, ina ce musu su saya, amma su riƙe lambata, don a nan yawancinsu suke ƙarewa.

Matashin nan mai GTX 1060 ya dawo a 2025. Ya sayi sabon Doom, ya ƙi buɗewa. Wannan karon ban ja ƙafa ba, na ce masa, "Ƙanena, yanzu kam lokaci ya yi." Allonsa na 1080p ne, furosesarsa da sauran ƙarfinta, sai muka tsaya a kan RTX 3060 na hannu da ya riga ya kwana biyu a teburina. Akwatin wutarsa waya mai baki shida kawai gare shi, ya ce ko za a sa mahaɗa, na ce ba a hannuna ba, muka canja akwatin. Na share tsohuwar direba da manhajar DDU, na ɗora sabuwa, wasan ya buɗe yana tsaye a bayana yana murmushi. Tsohon katin na sake hure masa ƙura, na naɗe a ledar da ba ta tara lantarki, ya tafi da shi zai sa wa ƙaninsa. A ladan hannu kuwa, sai da ya sake neman ragi.