Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar da tol ya yi tsada

A makon jiya na tsaya a inda kawuna ya damƙa ni hannun maigida, mai aikin ƙofofi da akwatunan ƙarfe a unguwar Sabon Gari. Na shiga wurin da ƙafar dama ta fuskar koyo, amma ta fuskar kasuwa ba haka ba. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Tol, wato fallen ƙarfen da muke aiki da shi, na cikinsu. Maigida da a da yake barin guntaye ga yara su yi motar wasa, sai ga shi yana tsince su yana zubawa a buhu.

Shi ya sa a wurinmu yaro ba ya taɓa almakashi. Aikina riƙe gefen tol, share fili, da buɗe gangar mai ta lita 200 a daddaƙe ta ta miƙe, don da ita ake yi wa masu ƙaramin ƙarfi murhu da ƙyauren zaure. Sabon tol kuwa, mai mita 1 a faɗi da mita 2 a tsawo, shi kaɗai yake zana shi da ƙusa mai tsini. Kaurinsa ma da sunan Faransanci muke kira: 8/10 na akwati, 15/10 na bakin ƙofa, wato milimita ɗaya da rabi.

Injin lanƙwasa ba mu da shi sai daga baya. Ƙarfen kwana guda biyu ake ɗaurewa da noti, a matse tol a tsakani daidai kan layi, a bi shi da gudumar katako daga wannan baki zuwa wancan, sannu-sannu, a koma a sake bi. Wanda ya nemi ya kwantar da wuri ɗaya gaba ɗaya, gefen zai fito da tudu da kwari, kuma ba ya gyaruwa.

Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne awonsa. Za a kawo aikin bakin ƙofa mai fuska uku, milimita 40 da 60 da 40 idan an auna ta waje. Ni da na yi lekol na san jimla 140 ce. Shi kuma sai ya yanka 134. Ran nan na kasa haƙuri.

"Baba, ina sauran shidan?"

Bai ɗago ba. "Suna cikin kwana. Riƙe mini nan."

Aka lanƙwasa, aka sa mita, 40 da 60 da 40 cif. Sai bayan shekaru wani abokina da ya yi makarantar koyon sana'a ta Ɗan Kasawa ya zana mini dalilin a takarda. Idan ƙarfe ya lanƙwasa, bayansa yana miƙewa, cikinsa yana matsewa, akwai wani layi can tsakiyar kaurin da tsawonsa ba ya sauyawa, kuma shi ne tsawon da ya kamata a yanka. Ga shi kwanar ba ta fita da tsini, zagaye take yi. A irin wannan tol na 15/10, kowace kwana ana rage kusan kauri biyu, wato milimita 3, ga kwanoni biyu shidan ke nan. Abokina yana da lissafinsa mai tsawo. Maigida bai taɓa zama a aji ba, amma amsarsu ɗaya, kuma a ganina nasa ya fi sauri.

Akwai wasu ƙa'idodin da bai taɓa faɗa da baki ba, sai dai ka gani. Yakan zarce kwanar kaɗan, don ƙarfe idan an sake shi yana komawa baya kamar reshen da aka tanƙwara. Ba ya huda rami kusa da layi. Sai ya ja baya kamar kauri uku, in ba haka ba ramin ya karkace, ƙusa ta ƙi zama. Kusurwar akwati sai ya tsaga ta tukuna, kada ta yage. Bakin murfi kuma ninke shi yake yi, ya yi ƙarfi, kuma kada ya yanki hannun amarya.

Wanda ya fi wuya shi ne sanin kwanar da za a fara da ita. Babban yaron wurin ya taɓa rufe gefe uku na wani akwati, na huɗun ya rasa ta inda ƙarfen kwana zai shiga. Maigida ya dubi tol ɗin, ya dubi yaron, ya ce kuɗin zai fita daga na sallarsa. Ya kuma fita.

Bayan wannan ne, da wani ɗan kasuwa mai kai kaya Ɗan Isa ya ba da aikin akwatuna masu yawa, maigida ya miƙo mini ƙusar zane ya ce, "Kai ɗan lekol, zana mu gani." Yadda babban yaron ya ɗauki wannan magana, da abin da ya biyo baya har ta kai mu gaban kawuna, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.