Hancin Baba ya riga hannunsa lalacewa

Ran da na ce memuwar ɗina na ƙarshen karatu kan ciwon Parkinson zan yi shi, wato rawar hannun nan ta tsofaffi, abokaina cewa suka yi ga masassara ga tamowa a Damagaram amma ka tafi neman ciwon Nasara. Ni kuwa kakana nake tunawa, yadda shayi ke zube masa a riga kafin kofi ya kai baki, wasu na cewa tsufa ne wasu na cewa sammu aka yi mai.

Kafin in fita sai da na zauna na karanta sosai. Can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai ɗan wuri baƙi, ƙwayoyinsa ke samar da dopamin, shi ke sa motsin jiki ya tafi sumul, to ƙwayoyin ne ke mutuwa sannu sannu, wani furotin mai suna alfa-sinuklin yana dunƙulewa cikinsu, kuma kafin rawar ta fito fili da yawansu sun riga sun tafi. Abin da ya fi tsaya min a rai labarin 1982 ne a Kalifoniya, wasu masu allurar ƙwaya suka yi amfani da wata gurɓatacciya mai ɗauke da wani sinadari MPTP, cikin 'yan kwanaki jikinsu ya sandare kamar tsohon da ya shekara goma da ciwon, kuma gubar da MPTP ke komawa cikin ƙwaƙwalwa ƙirarta ta yi kama da parakwat, maganin ciyawa. A Faransa ma tun 2012 sun amince ciwon na cikin cututtukan sana'a ga manoma masu feshi. Sai na ce to bari in je wajen masu garka na gefen Mirriya.

Takardar tambayoyina da Faransanci na rubuta ta, a ciki har da "wane sunan magani kake fesawa". Babu wanda ya san suna wlh, na ciyawa ne ko na ƙwari ne ko fiya-fiya, shi kenan. Sati guda na yi ina cika takarda da babu, sannan na canja, na riƙa cewa Baba don Allah a ɗauko min abin da ake zuba maganin ciki.

Wani dattijo ya shiga ɗaki ya fito da robar lemo, ba takarda ba komai a jikinta, ruwan ciki na kaɗawa saboda hannunsa. Ya ce ɗana da hannun nan nake motsa shi cikin bokiti tun ina da ƙarfi, in iska ta juyo a fuska yake sauka. Muna cikin magana Inna daga bakin murhu ta sa baki, ta ce ai Malam ya daɗe ba ya jin wari, tuwo ya ƙone yana zaune kusa bai sani ba, kuma sai ya kwana uku huɗu bai zaga ba, da dare yana kai duka cikin barci, duk wannan shekaru kafin hannun. Gabana ya faɗi, don abin da wani masanin ƙwaƙwalwa Bajamushe mai suna Braak ya kawo ke nan a 2003, cewa mai yiwuwa ciwon daga hanci da hanji yake farawa ya hau sama. Kuma ba na da tambaya ko ɗaya kan wannan a takardata.

Na koma da zumuɗi na ce wa malamina na gano, feshi ne. Ya ce to sa'anninsa masu lafiya fa, ba sa feshi? Na yi shiru, don kusan kowa na yi. Ya ce ka tambayi ko mahaifinsa ya yi rawar? Nan ma ban tambaya ba, alhali a 2023 an gano wani canji a ƙwayar gado ta GBA1 cikin 'yan Najeriya da baƙaƙen Amurka wanda ke ƙara haɗarin ciwon. Na ji zafin maganar amma gaskiya ya faɗa.

Bayan damina zan koma. Wannan karon zan zauna da matan gida tukuna, zan nemi sa'annin Baba da hannunsu bai rawa, kuma na saye citta da kanumfari da daddawa a kasuwar Dole na zuba cikin ƙananan gwangwanaye, kowa zai rufe ido ya shinshina ya faɗa min me ya ji.