Nescafé da goro bayan la'asar

Wai mutum ya zauna wajen mai shayi bayan isha'i a zuba masa Nescafé cokali biyu da madara, ga goro a baki, sannan ƙarfe biyun dare yana ta juyi a katifa yana cewa tunani ne ya hana shi barci. Malam ba tunani ba ne fa, kafeyin ne, wato sinadarin da ke cikin Nescafé da goro mai hana barci.

Sinadarin nan tare wa adenosin hanya yake yi a ƙwaƙwalwa, shi adenosin ɗin ne ke sa ka ji barci, kuma wajen awa 5 yake ɗauka kafin rabinsa ma ya fita daga jiki, to wanda ka sha ƙarfe 9 na dare ina zai je?

Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce babba mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 na kafeyin a rana, mai juna biyu kuma likitoci da yawa 200 suke cewa. Kofi ɗaya na gahawa kusan 95 ne, amma sai ka haɗa da Lipton da lemon ƙara kuzari da goron da mu ba ma lissafa shi sam. Ni dai daga la'asar na rufe, gaskiya ciwon kan da ake yi in an daina lokaci ɗaya ma ba daɗi, gara a rage a hankali.